Uberlinda Ba Ta Mutu Ba

Doña Uberlinda ta dawo ƙauyensu na gindin dutsen Alto Ñirre bayan shekarun da ta kwashe a birni wurin 'yarta ana fama da idanunta, sai ta tarar ashe ta daɗe da mutuwa. Maƙwabciyarta Rosalba ce ta gaya mata, suna shan shayin mate a bakin murhu. Ta ɗauko ɗan littafin da kamfanin wasan zamiya a kan ƙanƙara yake raba wa baƙi, mai taswirar dutsen da hotunan masu kuɗi suna washe baki cikin ƙanƙara, ta ce sai Uberlinda ta ajiye butar ruwan zafi tukuna.

"Karanta mini, ke da kika yi boko. Ba na son jan rai."

Rosalba ta karanta. An rubuta cewa gangaren da ya fi kowanne tsawo an sa masa suna Gangaren Uberlinda, don tunawa da wata makiyayiya da mijinta Nibaldo ya ɓace a dutse, ta fita nemansa cikin guguwa, ƙanƙara ta binne ta tana kiran sunansa.

"Tana kiran sunan wa?"

"Nibaldo."

"Nibaldon da na sani? Wanda ya kora rabin awakina ya tsallaka Ajantina da 'yar mai gidan giya?"

"Shi fa, ƙawata."

Uberlinda ta shiga guguwar a waccan shekara, wannan gaskiya ne. Sauran awakin da ɓarawon ya bari ta je kwasowa, ta sauko da su duka, sanyi ya cinye mata 'yan yatsun ƙafa biyu. Da nononsu ta riƙa yin cuku tana sayarwa har ta raini 'ya'yanta ita kaɗai. Wani mashayi ne ya juya labarin ya ba marubucin kamfanin a kan kwalba ɗaya. Mutanen ƙauye sun yi gunaguni suka yi shiru, don rabinsu a can suke cin abinci.

"Da saura," in ji Rosalba. "Sun gina miki animita, ɗan ɗakin nan na tunawa da mamaci, a kan gangaren. Da rufin kwano, da gicciye, da sunanki. Masu zamiya suna kunna miki kyandir, suna roƙonki kada ƙafarsu ta karye."

Washegari Uberlinda ta yafa bargonta ta hau har ofishin manaja. Manajan, Don Gonzalo, yaro ne sa'an jikanta, fuska duk ta ƙone da rana sai zagayen tabarau. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Iya, tatsuniya ce kawai. Baƙi suna son irin wannan. Kuma ai ba ke kaɗai ce Uberlinda a duniya ba."

"Wata Uberlindar ma ta auri Nibaldo? Allah ya ji ƙanta. Kai ɗan nan, ka kashe ni, na yafe, kowa zai mutu. Amma ka rubuta wa duniya na mutu ina bin wancan ragon? Goge shi."

Ya ce an riga an buga littattafan bana, na intanet kuma sai a babban birni Santiago ake taɓa shi, sai dai a duba baɗi. Ya ce a kawo mata kofi. Ta ce ya kai wa gawar.

Ranar Asabar aka buɗe kakar wasa. Motoci sun cika fili, ga 'yan jarida, ga kiɗa yana tashi daga lasifikar da aka kafa a kan turaku har ƙolin dutse. Uberlinda ta zo wurin kujerun da waya ke ja zuwa sama. Hernán mai kula da su, ƙanin Rosalba, ya tambaye ta tikiti.

"Kabarina zan je dubawa. Ana biya?"

Ya tsayar mata da kujera, har da gyara mata bargo.

Animitar tana nan a bakin gangaren, ɗan ɗaki iya gwiwa, an shafe shi da farin fenti, kyandira suna ci a ciki. An manna alluna na godiya a jikinsa. Uberlinda ta share ƙanƙarar rufin da hannu, ta zauna a kai, ta dogara sandarta.

Wata mata mai jar riga ta zo da kyandir a hannu, ta tsaya turus.

"Iya, don Allah ki sauka. Wurin mamaciya ne."

"Ni ce mamaciyar. Me kike so?"

Matar ta yi alamar gicciye ta ja da baya har ta faɗi zaune. Mutane suka fara taruwa, wayoyi suka tashi sama. Wani mai ƙiba ya ce bara ya roƙi Uberlinda, gwiwarsa ta warke sarai.

"Wa ya yi maka aiki?"

"Likita, amma..."

"To kai masa kyandir ɗin. Ni ina birni a lokacin, ko hanyar banɗaki ba na gani."

Aka kwashe da dariya. Ta cire takalmin hagu da safa, ta ɗaga ƙafar mai yatsu uku cikin sanyin nan, ta ba su labarin yadda yake, da awaki, da 'yar mai gidan giya, har da bashin kunyar da Nibaldo ya bar mata a coci. Wata 'yar jarida ta durƙusa a gabanta ta miƙa mata makirfo.

Don Gonzalo ya iso a kan babur ɗin ƙanƙara da masu gadi biyu. Ya ce su ɗauke ta a hankali. Suka dubi juna. A ƙasar nan ko masu yin titi karkata hanya suke yi su bar animita a inda take, balle a ja mutum daga kanta.

"Ranka ya daɗe," in ji babban cikinsu, "ɗakinta ne. Ga sunanta nan a jiki. Ni ba zan taɓa ta ba, ina da 'ya'ya."

Manaja ya dubi wayoyin da ke kallonsa. Ya matso, ya rage murya.

"Iya, me zai sa ki sauka?"

"Ka tattara littattafan nan. Ka goge na cikin wayar, yau, ba baɗi ba. Ka rushe wannan."

"Biyun farko na yarda. Amma babu leburan da zai ɗaga hannu a kan animita, kin sani."

"Wa ya ce lebura? Ba ni guduma."

Aka kawo gudumar kafa turaku. Ta fara hure kyandiran ɗaya bayan ɗaya, ta cire gicciyen ta sumbace shi ta miƙa wa matar mai jar riga, don shi ba ruwansa. Sannan ta ɗaga guduma. Dukan farko ya lotsa rufin, na biyu ya tsaga bangon da ke ɗauke da sunanta. Masu gadi suka cire huluna. Taron ya ɗauki tafi da safar hannu, bub-bub-bub, wasu suna buga sandunan zamiya.

Tana haki ta nuna lasifika da gudumar.

"Saura wannan. Da baki ka yaɗa, da baki za ka janye."

Aka kashe kiɗa. Don Gonzalo ya karɓi rediyon hannu daga mai gadi, ita tana faɗa yana maimaitawa, muryarsa tana dukan duwatsu tana dawowa. Ya ce kamfanin Alto Ñirre ya buga ƙarya. Ya ce Doña Uberlinda Sandoval tana da rai da lafiya. Ya ce awakinta ta je nema, ta kuma samo su. A nan ya tsaya.

"Ƙarasa."

"Iya, wannan kuma..."

"Ƙarasa, na ce."

Ya sanar wa dutsen gaba ɗaya cewa Doña Uberlinda ba ta taɓa taka ko ƙofar gida don neman Nibaldo ba.

Ta karkata kunne, ta saurari amsa-kuwwar har ta mutu. Sannan ta dubi ƙolin dutsen, inda Ajantina take kwance a bayansa.

"Sake faɗa, ɗan nan. Ƙara murya. Tun yana saurayi kunnensa da nauyi."