Sandunan Hanyar Baturiya

Muttaka ya taka birki daidai inda burji ya nutse cikin ruwa. Kwanansa huɗu ke nan da karɓar makullin bas ɗin Alhaji Bakari mai jigila tsakanin Baturiya da Haɗejia, kuma da sharaɗi aka ba shi. Direban da ya gada sau biyu yana juyowa da fasinja saboda ambaliya. "Kai ko sau ɗaya ka dawo min da mutane," in ji Alhaji, "ka ajiye min makullina."

Ruwan ya shanye hanya ya kai tsawon filin ƙwallo biyu, dama da hagu ciyawar kachalla ta fi mutum tsayi. Al'adar direbobin hanyar, wanda ya fara ƙetarewa yakan kafa sanduna a gefen burjin saboda na baya. Ga su kuwa a jere, sun ɗan karkata hagu. Muttaka ya yi bisimilla ya sa giya.

Sai ya ji an ƙwanƙwasa masa ludayi a kafaɗa. Inna Mairo ce, Bafulatana mai kai nono kasuwa, wadda tun daga tasha take tsokanarsa da wasan Fulani da Barebari.

"Kai Babarbare, ina za ka kai mu?"

"Haɗejia, Inna, in kin bar ni."

"Ta gidan kifi? Buɗe idonka. Ba ka ga igiya a gindin kowace sanda ba? Na masunta ne, gurarsu ta kamun kifi suka ɗaure. Na direbobi ruwa ya kwashe jiya. Masunci kuwa ba ya kafa tarko sai inda ruwa ya yi zurfi."

Ja'afar mai tattasai, da ke kujerar gaba, ya ce, "Direba, don Allah mu koma. Tattasai dai ana sake nomawa."

Muttaka ya kashe mota. Ya kalli makullin, ya zare shi ya jefa a aljihun riga. Ya cire takalmi, ya ɗauko adda daga ƙarƙashin kujera, ya sassaro rassan darbejiya cike da hannu, ya shiga ruwan.

Sandar farko ya fara nufa, don bai gama yarda ba. Taku shida, ƙasa ta kuɓuce masa, ruwa ya kawo masa ƙirji. Ya jawo igiyar, sai ga gura da tarwaɗa biyu suna mutsu-mutsu. Ya mayar da ita a hankali.

"A gaishe min da su!" Inna Mairo ta ƙwala daga taga.

Ya dawo dama yana laluben ƙasa da tafin ƙafa. Inda ya ji laka na tsotsarsa, ya ja baya. Inda tsakuwa ta soke shi, nan ne burji, sai ya kafa reshe. Haka ya bi har ɗaya gaɓar, ruwa bai wuce gwiwarsa ba, ya kuma sake biyowa don ya tabbatar. Ƙafarsa ta hagu na jini, bai ko duba ba.

Da ya iso mota ya ce wa fasinja, "Maza ku sauka ku biyo ni a baya, in ta mutu ku tura. Mata ku ɗaga ƙafafunku. Inna, riƙe ƙwaryarki."

"Kai dai riƙe sitiyarinka."

Ya tayar da mota, ya sa giya ta ɗaya. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa. A tsakiya injin ya yi tari, motar ta girgiza, Ja'afar da sauran suka kafa kafaɗa suna salati. Muttaka bai ɗaga ƙafarsa daga totur ba har tayoyin gaba suka kama busasshiyar ƙasa.

Ana kiran azahar suka shiga tashar Haɗejia. Alhaji Bakari na zaune a benci. Ya dubi tabon ruwa a jikin motar, ya dubi wandon Muttaka, ya ƙirga mutanen da ke sauka.

"Ta ina ka bi?"

"Ta hanya, Alhaji. Na kafa sababbin sanduna. A faɗa wa direbobi su bi masu ganye, ba masu igiya ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Gobe ƙarfe bakwai kai ne a layi."

Inna Mairo ta aza ƙwarya a ka, ta wuce ta gabansa. "Saura ka koyi iyo, Babarbare."