Kalmasar Yatsa Huɗu

Bishiyar da ke tsakar gidan su Babakura a Mafoni darbejiya ce, amma duk unguwar dogon yaro ake ce mata, shi kuma yana ganin da gayya ake yi. A reshenta na ƙasa yake rataye wannan safiya ta watan azumi, ƙafafunsa suna lilo a iska, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Sai da ya taka turmi kafin ya kamo reshen.

"Sauko kafin ka yaga hammatarka," in ji mahaifiyarsa, Ya Fanna, tana share ganyen da ya zubo. "Ko jemage ka koma ban sani ba?"

Bai amsa ba, don in ya buɗe baki hannunsa zai saki. Ana cikin haka ƙanensa Gana ya fito daga ɗaki yana hamma, ya ɗaga hannu ya karyo asuwaki daga wannan reshen, ko diddigensa bai ɗaga daga ƙasa ba. Babakura ya saki reshen ya diro.

Abin da ya ƙara wa lamarin gishiri shi ne sunayen. Da Barbarci, kura na nufin babba, gana kuma ƙarami. An sa wa Babakura sunan wan mahaifinsu, aka sa wa Gana sunan ƙanen mahaifinsu, kuma sunayen sun zauna daram har bara, lokacin da Gana ya soma miƙewa kamar ana jan sa daga sama. Yanzu Babakura yana da shekara goma sha shida, Gana sha huɗu, amma kan Babakura da ƙyar yake kai kunnen Gana. Duk baƙon da ya ji sunayensu sai ya miƙa wa Gana hannu ya gaishe shi da Barbarci, "Babakura, wushe," sannan ya shafa kan Babakura ya tambaye shi ajinsa nawa. Yaran Hausawa a makaranta suna tsokanarsa da kura mai cin akuya, wannan bai taɓa damunsa ba. Ma'anar sunan a harshen gidansu ce ke masa ciwo.

Shi ya sa yake rataya a dogon yaro. Shi ya sa kuma yake cin wake da buɗa-baki, ya ci wake da sahur, har Gana ya ɗauke tabarmarsa ya koma bakin ƙofa.

A tsakiyar azumi mahaifinsu ya aiko da shadda ruwan toka daga kasuwa, daidai tsawon da yake saye duk shekara, don shi har yanzu bai lura ƙafafun Gana sun ƙaru ba. Ya Fanna ta yafa mayafi ta tasa su gaba zuwa shagon Baba Jona.

Baba Jona tela ne, mutumin Biu, kuma shi ke ɗinka musu kayan Sallah tun suna rarrafe. Yana da wata al'ada da iyaye mata ke so. Duk wandon yaro sai ya bar masa kalmasar yatsa huɗu a ƙafa, ya naɗe yadin ciki ya ɗinke da hannu, ɗinki sako-sako, don in yaro ya ƙara tsawo a warware. Wandon babba kuwa daidai yake yanka shi, ya bi bakin da keken ɗinki, magana ta ƙare. Ya Fanna tana da reza a cikin gwangwanin allurarta musamman don wannan aiki. Wandon Gana na bara ko Babbar Sallah bai kai ba ta warware shi. Na Babakura yana nan yadda Baba Jona ya bar shi.

"Gana, kai dai ba ka tausayin yadi," in ji Baba Jona, yana jan tef daga ƙugun yaron har ƙasa. Ya juya kan Babakura ya auna shi.

"Baba Jona, bana dogon hannu nake so," in ji Babakura. Ya ciro wasu maɓallai biyu na ƙarfe daga aljihu ya nuna. Na baffansa mai sunansa ne, marigayi, kuma tun bara Ya Fanna ta yi masa alkawarin bana zai sa su. Kaftani mai gajeren hannu na yara ne, kowa ya sani.

Baba Jona ya shimfiɗa shaddar a tebur, ya bi ta da alli, ya goge, ya sake bi. Sannan ya sosa ƙeya.

"Ya Fanna, yadin zai fitar da su biyu. Amma kalmasa ta mutum ɗaya ce kawai za ta samu."

"A ba Gana," in ji ta, tana gyara mayafi. "Shi Kura ai ya tsaya. Ka bi nasa da keke."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta faɗa ne yadda ake cewa ruwa ya ɗauke. Amma Babakura ya ji kalmar ta shige shi har ciki, ya ji kunya da fushi sun taso masa tare.

"Ban tsaya ba," ya ce a hankali.

"Me ka ce?"

"Na ce ban tsaya ba, Ya."

Ta yi dariya ta dafa kafaɗarsa. "Yo babanka ma ina tsawon yake? Baffanka mai sunanka har ya koma ga Allah kujera yake takawa in zai sauko da kaya a shago. Shi Gana dangina ya ɗauko. Wane laifi ne gajarta?"

Baba Jona ya naɗe shaddar yana kallon Babakura ta saman tabarau. "Ba yau zan sa almakashi ba," ya ce. "Akwai na mutane a gabanku."

Washegari da la'asar Babakura ya hau keke zuwa Maisandari, gidan Anti Ammatullahi, ƙanwar Ya Fanna, wadda take aikin jinya a asibiti. Ya same ta tana dama kunun buɗa-baki. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sake tambayar yara.

"Kura, faɗi abin da ya kawo ka cikin wannan rana."

"Anti, yaushe mutum yake daina tsawo?"

Ba ta yi dariya ba, kuma ya gode mata a ransa. Ta ajiye muciya ta dube shi.

"Yaushe muryarka ta fashe?"

"Bara. Bayan ta Gana."

"To ka gani. Kowa da lokacinsa. Wani yaron yakan soma da wuri ya gama da wuri, wani sai a makare. Maza da yawa suna ƙarawa har sha bakwai, sha takwas, wasu su ɗan wuce haka. Amma jinin gida yana da nasa, kada ka sa rai za ka kamo Gana."

"Waken fa? Da rataya a bishiya?"

"Wake abinci ne, ci abinka. Ratayar kuwa ba ta ja ƙashi, sai dai ta ba ka ƙarfin hannu. Kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da maganin tsawo, ka turo mini shi. Ka ci ka ƙoshi, ka yi barci, ka bar waya."

"Anti, ni dai ki gaya mini. Na tsaya ko ban tsaya ba?"

"Ban sani ba, Kura. Wallahi ban sani ba."

Ta yi zaton za ta ga fuskarsa ta faɗi. Sai ta ga ya gyara zama, ya miƙe wuya. A hanyar komawa gida ya riƙa juya maganar a ransa. Anti ta yi karatun abin, ta ce ba ta sani ba. To ta ina Ya ta sani? Ta ina kowa ya sani?

Ya tarar da Gana zaune a gindin dogon yaro, ya dunƙule kafaɗu, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya koyi yi tun bara.

"Yaya Kura, ka ɗauki kalmasar," in ji Gana ba tare da ya ɗago ba. "Na gaya wa Ya. Ni na gaji da tsawon nan. Yau ma an hana ni buga ƙwallo da 'yan ajinmu, wai ƙarya nake yi a shekaruna."

Babakura ya tsaya a kansa. Abin da yake so ke nan, ga shi an miƙo masa. Amma sai ya hango Gana bayan wata biyu, wando ya ɗage, idon sawu a waje, yara suna tambayarsa ko ruwa zai tsallaka.

"Tun yaushe ƙane yake ba wansa saura?" ya ce. "Kalmasarka taka ce. Kuma miƙe bayanka, ka zauna kamar tsoho."

"To kai fa?"

"Wannan ba ruwanka."

Da safe bai taka turmi ba. Ya wuce kai tsaye shagon Baba Jona, ya same shi yana zuba wa keke mai, shaddarsu tana kan tebur, almakashi a gefe.

"Baba Jona, hannun riga biyu, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, yadi nawa suke ci?"

Telan ya ajiye kwalbar mai.

"Sun fi yatsa huɗu."

"To ka yanke hannun. Ka mayar da shi ƙafa."

"Babakura, ka san me kake cewa? Ranar Sallah abokanka duk dogon hannu za su sa. Kai ga jiki ba yawa, ga gajeren hannu. Za a ce ɗan firamare ne ya biyo yayyensa."

"Na sani."

"Maɓallan baffanka fa?"

"Ƙarfe ne. Za su jira."

"In kuma baɗi ta zo ba a warware ba? Ka yi asarar hannu a banza."

"In ta zo mu gani. Amma kada ka bi wandona da keke, Baba Jona. Ba yanzu ba."

Baba Jona ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya shimfiɗa shaddar, ya share tsohon layin alli da tafin hannu, ya ja sabo. Babakura bai bar shagon ba sai da ya ji ƙarar almakashi.

Ranar Sallah ta zo kamar yadda telan ya faɗa, har da ƙari. A hanyar Idi abokansa suka kewaye shi suna tambaya ko ɓera ne ya cinye hannun rigar. Wani abokin mahaifinsu ya riƙe hannun Gana yana ta "Babakura, barka da Sallah," har sai da Gana ya janye hannunsa ya ce, "Ga Yaya Kura nan, ni ne Gana." Mutumin ya dubi gajeren hannun ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Abin ya yi wa Babakura zafi, babu amfanin ɓoyewa. Amma duk takun da ya yi yana jin nauyin yadin da aka naɗe yana bugun idon sawunsa, sai ya ƙara ɗaga kai.

Da suka dawo gida Ya Fanna tana zuba abincin da za a kai wa maƙwabta, har da kwanon Baba Jona. Da asuba tana fama da tukwane ba ta dube su da kyau ba. Yanzu ta ɗago ta ga hannayen ɗanta a waje tun daga gwiwa.

"Kai, Kura! Ina hannun rigarka? Jona ya ruɗe ne? Ba dogon hannu ka ce ba?"

"Ni na ce ya yanke, Ya."

"Saboda me?"

Ya dubi ƙafarsa kawai. Ta bi idonsa da kallo, ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zaninta. Ta durƙusa a gabansa ta kama bakin wandon ta juya shi. Ga yadin a naɗe ciki, ga ɗinkin hannu sako-sako. Ta ɗora yatsunta a kai, suka cika huɗu cif.

Ta daɗe a durƙushe. Gana ya ajiye cokalinsa. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, suka ji ƙarar murfin gwangwanin allura. Ta fito da sabuwar reza a cikin takardarta, ta zura masa a aljihun gaba, ta danna aljihun da tafin hannu.

"Waccan ta Gana ce, ta dakushe," in ji ta. "Wannan taka ce. Ka ajiye ta inda ba za ta yi tsatsa ba."

Ta koma kan tukunyarta. "Ɗauki kwanon nan ka kai wa Jona kafin ya huce."