Kalan Gyaɗa a Gonar Abdulnasir

Duk wanda ya san Abdulnasir ya san ba ya iya ganin ƙwayar hatsi a ƙasa ya wuce. A yi masa adalci, ba rowa ba ce. Hannunsa a sake yake, in ka je gidansa da rana sai ka ci ka ture. Aiki ne ya mai da shi haka. Shekara ashirin da biyu yana malamin gona, daga Gwiwa zuwa Babura zuwa 'Yankwashi, kullum a kan babur yana bin ƙauyuka da wa'azi guda: abin da manoma ke bari a gona bayan girbi ya isa ya ciyar da gari. Manoma su ce haka ne Malam, su dama masa fura, ya sha ya tafi, su ci gaba da yadda suka saba.

To da Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, gonar gyaɗar da ke bayan garinsu, can kusa da Roni, ta faɗo a rabonsa. Nan ya ce yanzu za a ga aiki. Da ma tun yana saurayi akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya game da tsohon. Manomi ne na gaske, amma ranar cirar gyaɗa sai ka rantse ba shi ya sha wahalar nomanta ba. A bi kunya sau ɗaya, a karkaɗe, a wuce. Abin da ya tsinke ya zauna a cikin ƙasa ko waiwayensa ba ya yi. Abdulnasir bai taɓa faɗa masa ba, ɗa ba ya gyara wa uba noma, amma a zuciyarsa ya ajiye abin a matsayin sakaci irin na mutanen da.

Da kaka ta yi ya ɗauki Halliru da mutanensa, waɗanda su ne ke yi wa gidan aiki tun zamanin tsohon. Suka cire gyaɗa, suka ɗauka an gama. Ya ce a sake bi da fartanya. Suka bi. Ya ce a sake bi da hannu, inda ƙasa ta yi laushi kuma a sa rariya. Halliru ya sosa ƙeya ya tambaya a hankali ko ba za a bar wa masu kala komai ba. Abdulnasir ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, zakka zai fitar cikakkiya har da ƙari. Ya kuwa fitar, babu wanda zai ce bai fitar ba.

Kala kuwa, a garin nan, ba a neman izininta. Da zarar mai gona ya kwashe amfaninsa, gona ta zama ta tsofaffin mata. Su zo da ƙwarya da guntun fartanya su tona, abin da suka samu nasu ne, halak malak. A cikinsu babu wadda ta kai Iya Batulu daɗewa a gonar gidan su Abdulnasir. Aminiyar mahaifiyarsa ce, ta goya shi ya fi a ƙirga, har yau in ta so tsokana sai ta tuna masa zanen da ya ɓata mata ranar wani suna. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da kalan kaka take haɗa jarinta na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi ke riƙe ta har damina ta zagayo, kuma ba a taɓa jin ta roƙi kowa ko gishiri ba.

Bana ta je gonar ita da ƙawayenta biyu tun hantsi, ba su dawo ba sai azahar, abin da ta samu bai rufe gindin ƙwarya ba.

Labarin ya iso wa Abdulnasir ta bakin matarsa Sadiqa, wadda ta jiyo shi a gidan biki. Wai mata na cewa gonar kamar an share ta da tsintsiya, ko kaza ba za ta samu abin tsattsaga ba. Wata ma, Sadiqa ta ƙi faɗin sunanta, ta ce ashe haɗama ma gado take tsallakewa ta faɗa kan ɗa. Maganar ta soke shi ƙwarai. Ya ajiye cokali ya shiga kare kansa kamar yana gaban alƙali. Shi a saninsa mai haɗama shi ne wanda ya ci na wani. Ya tura iyaka? Ya hana ɗan ƙwadago haƙƙinsa? Gonarsa, irinsa, takinsa, guminsa. Sadiqa ta bar shi ya gama, sannan ta ce ita dai abin da ta ji ta faɗa, kuma tuwonsa na hucewa.

Amma abin da ya fi damunsa ba bakin mata ba ne. Iya Batulu ce, da yadda za ta ci wannan rani. Washegari ya sa aka ɗora buhun gyaɗa a bayan ɗan acaɓa aka kai mata. Kafin la'asar buhun ya dawo, ko ɗinkin bakinsa ba a taɓa ba, tare da saƙon cewa ta gode, Allah ya ƙara arziki, amma lafiyarta ƙalau.

Sai ya wanke ƙafa ya tafi da kansa. Ya same ta a tsakar gida tana gyaran ɗan abin da ta kalato a faifai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambayi Sadiqa da yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya yi ƙiba, aikin gwamnati ya karɓe shi. Da ƙyar ya samu ya sako maganar buhu. Ya ce abin da ya aiko ya ninka abin da za ta tona a gonar sau uku, kuma ba sai ta sha rana ba.

"Nasiru," ta ce, "in ka ba ni buhu, gobe in na hango ka a hanya sai na rusuna. In na tona da hannuna, sai mu gaisa."

Sai ya ce shi dai bai ɗauki na kowa ba, amma ga shi ana kiransa mai haɗama.

"Wanda ya ɗauki na wani ai ɓarawo ne, sunansa daban. Mai haɗama nasa yake ci. Sai dai ba ya ragewa."

Ta ci gaba da bushe ƙasa daga faifai. A nan ta gaya masa, ba da faɗa ba, cewa tsohonsa ya fi kowa sanin abin da ke zama a ƙasa. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau ma har cewa yake a sassauta hannu wajen cira. Bai taɓa aika wa kowa da komai ba, bai kuma taɓa tsayawa a yi masa godiya ba. Abdulnasir ya ji kunya ta rufe shi, ga kewar tsohon da ta taso masa lokaci guda, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Gyaɗar da aka cire dai ba ta komawa ƙasa da kanta. Don haka da gari ya waye ya ɗora buhun nan a babur ya nufi gona da fartanya. Ya bi kunyoyin gabas yana tonawa, yana zuba tafi guda, yana rufewa da ƙafa. Malamin gona guda, mai takardun shaida a bango, yana binne busasshiyar gyaɗa da kaka. Halliru ya zo wucewa ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ce Allah ya ba da sa'a kawai ya yi gaba. Kafin rana ta take, gadon bayan Abdulnasir ya ƙage, buhu ya koma rabi, sannan ya ƙare.

Sadiqa ce ta kai saƙo, wai ma'aikata ba su bi gefen gabas da kyau ba, ko Iya za ta leƙa.

Iya Batulu ta zo da safe ita da ƙawarta ɗaya. Shi kuwa yana gindin tsamiyar bakin gona yana gyaran babur ɗin da babu abin da ya same shi. Ta duƙa ta sara sau biyu, sai ga gyaɗa tuli guda, fes da ita, ko jijiya babu. Ta ɗebo a tafinta ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta dubi tsamiya. Ya san in ta zubar ta juya, ba shi da wata dabara kuma.

"Ikon Allah," ta ce wa ƙawarta, da muryar da za ta kai bakin gona. "Bana gyaɗa a shanye take fitowa. Kuma ɓeran da ya yi wannan ajiya ya sha wahala, a tausaya masa."

Ta zuba a ƙwarya.

Daɗi ya kama shi har ya manta da babur. Ya zauna yana kallonsu suna bin kunya suna hira, ƙwarya na cika. Sai dai shi ya binne, ya san kowane gurbi, kuma ba a jima ba ya lura Iya Batulu na tsallake wasu. Ta tona biyu, ta wuce na uku. Wani wurin ma gyaɗar ta leƙo waje, ta sa ƙafa ta mayar mata da ƙasa. Halin nasa ya motsa, ya kasa daurewa, ya taso ya iske ta.

"Iya, kin tsallake nan. Ga wani ma can."

"Na gani."

"To ai akwai a ciki."

Ba ta ko ɗago ba.

"Akwai masu zuwa bayana. Ƙawata Shatu ƙafa ta matsa mata, sai gobe za ta iya fitowa."

Ya tsaya a tsakiyar kunya yana kallon gurbin da ta bari, ita kuma ta jawo ƙwaryarta ta matsa gaba.