Hantar Rago Kafin Tseren Sabha

A shekarun da kuɗin fetur suka cika birnin Sabha da siminti da rurin manyan motoci, an yi wani mutumin Tawa mai suna Illia, yana dakon bulo a wani kamfanin gini. Siriri ne kamar karan dawa, amma fa Allah ya ba shi ƙafa. Kullum da asuba sai ya bi hanyar Ghuddwa a guje, ya dawo kafin matarsa Fourera ta sauke shayi. Da mudir, wato shugaban kamfanin, ya lura da shi, sai ya sa sunansa a tseren kilomita arba'in. Wanda ya zo na ɗaya Tarabulus za a kai shi, ya rabu da bulo ke nan.

To, sai dai akwai wani hanzari. Wata uku kafin nan babbar yatsar ƙafarsa ta taɓa kumbura, har ya je wajen likita.

"Wai niƙris sunansa, ciwon sarakuna," in ji Illia da ya dawo, yana dariya. "Ni da ko jaki ban mallaka ba."

"To me ya ce a ci, maigida?"

"Gurasa, shinkafa, nono, dabino kaɗan, ruwa kuwa kamar raƙumi. Ban da hanta, ban da ƙoda, ban da romon kai. Har kifin gwangwani ya hana."

Fourera ta riƙe wannan magana gam. Ƙafa ta yi lafiya lau, gudu ya ƙaru.

Ana saura kwana biyar a yi tseren, 'yan gida da ke unguwar Mahdiya suka haɗu suka yanka rago don Illia. Kun san al'adarmu, wanda ake karramawa shi ke da hanta. Mamane mahauci, dattijon unguwar, da kansa ya kawo ta har bakin murhu, naɗe cikin kitse.

"Matar gwani, me nake ji? Wai nono kike ɗura masa? Miji kike kiwo ko ɗan maraƙi?"

"Baba, likita ne ya hana shi cin hanta."

"Likitan ne zai yi gudun? Ke 'yar nan, ina kika taɓa ganin ɗan kokawa ya shiga fili da nono a ciki?"

Matan da ke gyaran kayan ciki suka kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Ko dai rowa ce." Wannan kalma ita ta soki Fourera. A ce a baƙuwar ƙasa, gaban 'yan garinsu, tana yi wa mijinta rowa! Ta gasa hantar nan, ta barbaɗa yaji, ta kai masa tsakiyar maza. Illia ya dubi kwano, ya dube ta, ya dubi dattawan da suka zuba masa ido, ya yi bismillah.

Kashegari wani gida ya aiko da ƙoda, wani da romon kai. Wa ke mayar da kwanon mutane a cike? Kwana huɗu ana haka, kullum tana cewa a ranta, gobe zan koma masa nono.

Ranar tsere ta farka da asuba ta tarar da shi zaune, ƙafa a miƙe, yana ta zufa. Yatsar ta yi jawur, ta kumbura tana sheƙi, ko zane ya taɓa ta sai ya cije leɓe. Takalmi ya ƙi shiga. Ta ɗauko wuƙa ta tsage gefensa. Ya tashi, taku uku ya yi ya dafa bango.

Motar mudir ta zo, ta yi ta busa a ƙofar gida, ta gaji ta tafi.

"Maigida, ni na..."

"Ni na ci, Fourera. Ba ɗura mini kika yi ba."

Bai ƙara maganar ba, har tsufansu. Wani aka kai Tarabulus, shi kuwa da ƙafa ta sace ya koma dakon bulonsa, shekara tara. Mamane ya ce sammu ne, unguwa duk ta yarda. Fourera ba ta taɓa musa musu ba, don ita kaɗai ta san cewa tun tana hura wutar gasa hantar nan ta san abin da take yi.