Ƙunshin Asma'u

Tun da Furera ungozoma ta dawo daga horon da aka yi musu a Tasawa, Lalla ba ta ƙara yarda da ita ba. Mace ta tafi da tsohuwar askarta, ta dawo da akwatin ƙarfe da sabulu da tambayoyi kamar jandarma. Shekarar nan gero ya ƙone tun bai yi bununi ba, ƙasa na hannun soja, kowa sai ya tauna magana kafin ya furta. A bakin rijiya kuwa ana raɗe-raɗi wai gwamnati ta ce bakuna sun yi yawa, duk mai cikin da aka kai asibiti sai an tsaga ta an juya mata mahaifa. Wai Furera ma garin madara ake ba ta kan kowace mace da ta kai. Babu wanda ya gani da idonsa, amma Lalla ta ce ruwa ba ya tsami banza.

Ga shi Asma'u ta zo gida goyon ciki daga Baudeta. Ita ce 'yar farin Lalla, don haka tun da aka raɗa mata suna Lalla ba ta taɓa faɗinsa ba. "Waccan" take ce mata, ko "ke". Kunya ce, haka ta tarar ana yi. Son da take mata kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Ranar da Furera ta fara leƙowa, ta danna babban yatsa a ƙwaurin Asma'u, wurin ya loɓa bai taso ba.

"Ɗiyata, kanki na ciwo? Kina ganin hazo-hazo?"

Asma'u ta sunkuyar da kai. Mai cikin fari ba ta ƙorafi a gaban uwarta.

Furera ta ce, "Lalla, kumburin ga bai yi mini ba. An hwaɗa muna, in ƙahwa da huska sunka kumbura, ga ciwon kai, jini ne ka hawa. Jijjiga ka biyo baya. A kai ta Tasawa a auna ta."

"Yaushe kumburin mai ciki ya zama ciwo? Ɗa namiji ne, ko tagwaye."

Da Furera ta fita, Lalla ta yi tsaki. Ai ga shi nan, an fara neman hanya. Sai dabara ta faɗo mata. Duk ranar da ta san Furera za ta zagayo, sai ta kwaɓa lalle ta ƙunsa wa Asma'u ƙafafu har ƙwauri, ta naɗe da tsumma. Wa zai kwance ƙunshi bai kama ba? Furera takan dubi tsumman, ta dubi Lalla, ta ce, "Ƙunshin ga dai ba ya ƙarewa." Lalla ta ce, "Mai jego za a yi, ko a bar ta da kaushi?" Kowace ta san ɗayar ta gane.

Lalla na ganin 'yarta tana dafe goshi, tana ganin zoben azurfa ya nutse a yatsa. Tambaya ta zo mata baki ba sau ɗaya ba, kunya ta mayar da ita. Tsoro kuma ya ce mata in ta tambaya aka ce akwai ciwo, to Furera ta yi nasara.

Wani hantsi, ƙunshi na ƙafa, Asma'u ta ce, "Inna, ba ni ganin ƙohwa." Kafin Lalla ta ajiye muciya yarinya ta kife, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Maƙwabta suka ce iska ce, wata ta ruga ɗauko garwashi da turare. Lalla ba ta san sa'ar da ta fita ba kallabi tana ƙwala wa Furera kira ba.

Furera ba ta yi gori ba, abin da ya fi yi wa Lalla zafi ke nan. Ta kori mai turare, ta kwantar da Asma'u a gefen hagu, ta share mata baki, ta ce wa Namadi, uban yarinyar, ya ɗaura jaki a amalanke. Da ta fizge tsumman lalle, ƙafafun suka fito jawur, sun yi suntum, zanen tsumma ya shiga nama.

A hanya, rana na dukansu, gonaki fayau dama da hagu, jijjigar ta lafa amma Asma'u ba ta farfaɗo ba. Furera na riƙe da haɓarta.

"Ki yi ta kiranta, Lalla. Muryarki ta sani."

"Ke... ke, tashi."

"Da sunanta!"

Lalla ta dubi Namadi da ke kora jaki, ta dubi ƙafafun da ta ƙunsa da hannunta.

"Asma'u," ta ce a hankali. Sai ta ɗaga murya, hawaye na zuba. "Asma'u! Ɗiyata, ni ce Inna. Mi ka yi miki ciwo?"

Idon yarinyar ya motsa kaɗan, bai buɗe ba. Lalla ta ci gaba da kira, ba ta tsaya ba har suka hango rufin kwanon asibitin Tasawa.