Tsingaro a Gindin Tano

Abigail na durƙushe tana tsince gutsattsarin randar lokacin da surukarta, Inna Alisabatu, ta fito daga ɗaki. Akuyar gidan ce ta ture ta, amma wa ya bar ƙofar madafa a buɗe? Abigail. Ga shi gobe ne auren Esta, autar tsohuwar, kuma rabin Tahoua sun san kunun zaƙin Inna Alisabatu, wanda tun zuwanta daga Maraɗi a randar nan yake kwana ya yi tsami.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi ke nan.

"A saya wa baƙi lemun kwalba," ta ce. "Kunun gidan nan ya ƙare."

Kunya ta kama Abigail har wuya. Malamar lakwal ce, tana iya tsawata wa aji guda su yi tsit, amma a gaban matar nan ita ce ɗaliba.

Ta leƙa katanga ta kira maƙwabciyarta Kadidiya, mutuniyar Barmou. Su biyu suka gangaro da ƙaton tano na roba, shuɗi, wanda ake tara ruwan famfo a ciki. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"A wannan? Roba ba ta da uwa, 'yata, ba tsohon tsamin da zai kama kunu. Ko dai ya kwana salam, ko rana ta dafa shi ya koma giya, mu ji kunya gaban fasto da liman baki ɗaya."

"Inna, ki bari mu gwada," in ji Kadidiya. "In ya ɓaci, akuyar da ta hwasa randar ita ka shanye shi."

Maganar uwa ce ta tsaya wa Abigail a rai. Ta wanke tanon da toka, ta dama geron da aka niƙa da citta da kanumfari, ta jira ya huce kafin ta juye. Sai ta ɗauko gindin randar, tsingaro mai kauri wanda ya sha kunun shekara da shekaru har ya yi baƙi, ta sake shi a ciki ba tare da kowa ya gani ba. Suka ja tanon ƙarƙashin darbejiya, suka naɗe shi da jiƙaƙƙun buhuna.

Da safe Abigail ta buɗe murfin. Ƙamshin ya daki hancinta, har Kadidiya ta rangaɗa guɗa tun ba a tace ba.

Inna ta karɓi ludayi, ta kurɓa. Ta sake kurɓa.

"Sukari ya yi kaɗan," ta ce, ta miƙo ludayin a ƙara mata.

Kafin la'asar 'yan majami'a da 'yan unguwa sun ƙwamushe tanon tas. Inna da kanta ta karkata shi don a ɗauraye, sai abu ya yi ƙwal a ciki. Ta zura hannu ta fito da tsingaron. Ta daɗe tana juya shi, idonta ya kawo ruwa.

"Ina sauran?"

"Suna cikin buhu, Inna."

"Kawo. Dama ina ta tunanin wa zan bar wa randar nan, ke ko Esta." Ta share ido da bakin zane. "Zaɓo mata babba, a sa cikin kayanta. Wannan naki ne."