Karas ɗin Iya Bronsema

A makarantarmu ta koyon zane a birnin Groningen ba malamai muke tsoro ba, uwar malami muke tsoro. Malam Hidde yana da wata al'ada. Ƙarshen shekara sai ya kawo mahaifiyarsa, Iya Bronsema, mai shekara tamanin da ɗaya, ya zaunar da ita gaban aji da kofin gahawa, a matsayin wadda ta ba da aiki. Minti biyar gare ka ka fahimtar da ita dalilin zanenka, ba da kalmomin makaranta ba, da misali kawai. In ta ce ta gane, ka ci. In ta ce ba ta gane ba, sai baɗi.

Ni bara ta ce min ba ta gane ba. Dokar makaranta kuwa, faɗuwa biyu ka tattara naka ya naka.

Aikin bana fosta ce ta kasuwar gwanjon unguwarsu. Kwamitin kasuwar ya ba da bayani layi goma sha ɗaya, ni kuwa uku na bari: mene ne, yaushe, a ina. Sauran takardar fara fat.

Da layina ya zo na kafa fostar, Iya Bronsema ta gyara tabarau ta ƙare mata kallo. "Yarinya, tawada ce ta ƙare miki?"

Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda gobe ne nasu layin, marasa kunya.

Na ce, "A'a, Iya. Filin nan kamar shirun da makaɗi ke yi ne a tsakiyar kiɗa."

"Ni in rediyona ya yi shiru, dukansa nake yi."

Na jawo misali na biyu, wanda na yi mako ina haddacewa. "To, kamar gidan nunin zane. Bango guda, hoto ɗaya."

"Sau ɗaya na je. Kwana biyu ƙafata na ciwo."

Malam Hidde ya dubi agogo. "Saura minti biyu, Marrit." Ya ci gaba da juya cokali a kofinsa hankali kwance. A lokacin na tsane shi, na tsani uwarsa, na tsani duk wanda ya ƙirƙiro fosta. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona ya cika, sai na ga jakar kekenta a gindin kujera. Karas ne a ciki, sirara kamar ɗan yatsa, da ƙasa a jikinsu.

Na ce, "Iya, me ya sa kika cire karas ɗin nan tun bai girma ba? Lalacewa ya yi?"

"Lalacewa? Lafiyarsa ƙalau. Rage shi na yi a lambu da safe. Ku 'yan birni ba ku san komai ba. In aka bar su a cunkushe, duka za su tsumbure."

"Abin da na yi ke nan. Layukan nan duk lafiyayyu ne. Na cire takwas don ukun su yi ƙiba, mai wucewa a keke ya karanta ba tare da ya tsaya ba."

Ta sake duban fostar. Sannan ta ce, "Ni wanda na cire ba na zubarwa, miya zan yi da shi yau. Naki takwas ɗin ina kika kai su?"

Ƙarya ba za ta fisshe ni ba. "Na zubar, Iya."

"Ai na ga bayanin kwamitin. A cikinsu akwai wanda ya ce masu keken guragu su shiga ta ƙofar baya. Maƙwabcina Sjoerd ta ina zai sani?" Ta nuna ni da cokali. "Ki tsinto su, ki sa su ƙanana a ƙasa, ko a wata 'yar takarda daban. Almubazzara kawai."

Na fara naɗe fostar, ina tunanin yadda zan gaya wa babana an kore ni.

Malam Hidde ya ce, "Mama, hukunci."

"Wane irin hukunci kuma? Da ban gane ba, ta yaya zan san ta yi ɓarna? Na gane mana."

Na zauna a ƙasa gaban aji, ina dariya ina share hawaye da hannun riga, wani sanyi na ratsa ni har cikin ƙashi.

Iya Bronsema ta miƙa wa ɗanta kofi. "Ƙaro min. Waye na gaba?"